Tambayoyi da amsoshi kan umarnin yau da kullum na sabar konsol ta siriyal

Wannan shafi na waɗanda aka danƙa wa kula da rautoci, suwic da sabobi ne, musamman wanda ya gaji ɗakin na'urori ya tarar da wani akwati mai ramuka 16 ko 48 a jere, wayoyi shuɗaye na fita daga cikinsa, ba wanda ya yi masa bayanin aikinsa. Yawancin misalan na Linux ne, domin ko akwatin kamfani ka saya, sau da yawa Linux ce ke gudana a cikinsa.

Mece ce sabar konsol, kuma me ya sa har yanzu ake ajiye ta?

Kusan kowace rauta, suwic ko katangar tsaro tana da wata kafa da aka rubuta wa Console. Ta nan na'urar ke magana tun daga daƙiƙar da aka kunna ta, kafin ta samu adireshin IP, kafin ma ta san akwai netwok. Sabar konsol tana tattara waɗannan kafofin wuri guda, ka shiga ta SSH (hanyar shiga na'ura ta netwok mai ɓoye saƙo) daga nesa, ka zaɓi na'urar da kake so, sai ka zama tamkar kana tsaye gabanta da laftof.

Ƙa'idar RS-232 da ake aiki da ita a waɗannan kafofin, waɗanda ake kira na siriyal, ta fito tun 1960, kuma sauƙinta ne ya sa ta daɗe: wayoyi uku sun isa, ta aikawa, ta karɓa, da ta ƙasa. Ranar da ka rubuta dokar katanga ta rufe ka a waje, ko sabunta manhaja ya tsaya a rabi, SSH ba zai amsa ba, shafin gudanarwa ba zai buɗe ba, amma konsol tana nan. Kamar makullin da aka ajiye wurin maƙwabci ne, ba a tuna shi sai ran da na aljihu ya ɓata. Shi ya sa umarnin nan suke buƙatar zama a hannu tun kafin ranar, don ranar ba ta koyo ba ce.

Kamfanoni irin su Opengear, Avocent, Lantronix, Perle da Raritan suna sayar da ita haɗaɗɗiya. Wanda kuɗinsa bai kai ba yana iya haɗa tasa da ƙaramar kwamfuta mai Linux da adaftocin USB.

Ta yaya zan gane kafar da na'urata take?

Fara da `dmesg | grep tty`. Kafofin da ke jikin kwamfutar sukan fito da suna `ttyS0`, `ttyS1`. Adaftocin USB kuma `ttyUSB0`, `ttyUSB1`. Na'urorin da ke da kafar konsol ta USB a jikinsu sukan fito a `ttyACM0`. In kana son ka ga abin yana faruwa, bar `dmesg -w` a buɗe, ka zare adaftar ka mayar.

Matsalar lambobin nan ita ce ba su da alƙawari. Wadda take `ttyUSB0` yau tana iya zama `ttyUSB3` bayan an ɗauke wuta an dawo, domin Linux na raba lamba ne bisa wadda ta fara gani. Mutum ya shiga da niyyar suwic ɗin gwaji, ya tsinci kansa a babbar rauta, ya buga `reload`. Don haka kada ka rubuta waɗannan sunaye a fayil ɗin saiti. Duba `ls -l /dev/serial/by-id/`, inda kowace adafta ke da suna mai ɗauke da lambar shaidarta. Adaftocin FTDI sukan zo da lamba ta daban kowace ɗaya. Masu araha da ke da guntun CH340 yawanci ba su da ita, sai sunayensu su yi karo. Ga irinsu yi amfani da `/dev/serial/by-path/`, wanda ke bin ramin USB da aka cusa adaftar, sannan ka hana kowa sauya mata rami.

Mai son suna irin nasa zai iya duba bayanan adafta da `udevadm info -a -n /dev/ttyUSB0`, ya rubuta doka a `/etc/udev/rules.d/` mai ɗauke da `SYMLINK+="rauta1"`, ya bi da `udevadm control --reload`, ya zare ya mayar.

Ya ce mini Permission denied.

Ba ka cikin rukunin da ke da iko da kafar. `ls -l /dev/ttyUSB0` zai nuna rukunin: `dialout` a Debian, Ubuntu da Fedora, `uucp` a Arch. Gyaran shi ne `sudo usermod -aG dialout sunanka`, sannan ka fita ka sake shiga. Kada ka manta da `-a`, in ba haka ba zai cire ka daga sauran rukunanka, har da na `sudo`. Shi kuwa `chmod 666` da wasu ke yi, yana buɗe wa kowa kafar, kuma da an zare adafta ya tafi.

Da wace manhaja zan shiga, kuma ta yaya zan fita?

Shiga ba ta wahalar da kowa, fita ce ke ɗaure mutane. Ga huɗun da aka fi samu.

`screen /dev/ttyUSB0 9600` shi ne mafi gajarta. Fita ta gaskiya ita ce Ctrl-A sannan `k`, ka amsa da `y`. In ka danna Ctrl-A sannan `d`, ka janye ne kawai, zaman yana nan a ɓoye riƙe da kafar. `screen -ls` zai nuna shi, `screen -r` ya mayar da kai. Ctrl-A sannan babban `H` yana fara adana duk abin da ya bayyana a fayil `screenlog.0`.

`minicom -D /dev/ttyUSB0 -b 9600` yana da jerin zaɓi: Ctrl-A `Z` don taimako, Ctrl-A `O` don saiti, Ctrl-A `X` don fita.

`picocom -b 115200 /dev/ttyUSB0` ana fita daga cikinsa da Ctrl-A sannan Ctrl-X. Ni shi na fi so a kan sabar da mutane da yawa ke shiga, saboda ba ya laɓewa a baya, in ka fita ya saki kafar.

`cu -l /dev/ttyUSB0 -s 9600` tsohon hannu ne, ana barinsa da `~.` a farkon layi.

Na shiga, allo baƙi ƙirin. Ko kuma haruffa marasa ma'ana ke zuba.

Waɗannan ciwo biyu ne daban. Kafin komai danna Enter sau biyu ko uku, domin na'urar da ta riga ta tashi ba ta cewa komai sai an taɓa ta.

In shara ke fitowa, kebul ɗinka lafiya lau, gudun layi ne bai dace ba. Cisco da Juniper suna zuwa a 9600, MikroTik da Raspberry Pi a 115200. Sauran lambobin da ake gwadawa su ne 19200, 38400 da 57600. Tsarin da kusan kowa ke bi shi ne 8N1, wato bit takwas na bayani, babu bit ɗin tantancewa, bit ɗaya na tsayawa. Za ka ga saitin kafa da `stty -F /dev/ttyUSB0 -a`, ka gyara shi da:

`stty -F /dev/ttyUSB0 9600 cs8 -parenb -cstopb -crtscts`

In kana ganin rubutun na'urar amma abin da ka buga ba ya zuwa, zargi na farko yana kan `crtscts`, tsarin da ke sa kwamfuta ta jira izini ta wata waya kafin ta aika. Kebul ɗin konsol da yawa ba su ɗauke da wannan izini, kuma `minicom` ya saba zuwa da shi a kunne. Kashe shi ta Ctrl-A `O`, sashen saitin kafa, harafin `F`. Wani dalilin kuma: a suwic ɗin Cisco masu kafar konsol biyu, in wani ya bar kebul ɗin USB haɗe da kwamfuta, ita ke karɓar umarni, ta RJ45 sai kallo.

In shiru ne gaba ɗaya, koma kan kebul. Shuɗin kebul ɗin Cisco juyayye ne, fil na 1 yana zuwa na 8, na 2 zuwa na 7, na 3 zuwa na 6. Wasu sabobin konsol sun riga sun yi juyin a cikin raminsu, kebul ɗin netwok na yau da kullum suke so. Wasu kuma juyayyen suke so. Ramukan iri ɗaya ne a ido, sai littafin na'urar ya raba gardama. Akwai gwaji mai sauƙi na tabbatar da adafta: cire ta daga na'urar, ka haɗa fil na 2 da na 3 na bakin DB9 da ɗan guntun waya, ka buɗe `picocom` ka yi rubutu. In haruffan suna dawowa allo, adafta da direbanta lafiya suke, laifin yana gaba.

Hattara da abu biyu. RS-232 na aiki da wuta tsakanin volt 3 zuwa 15, sama da ƙasa da sifili, alhali filayen siriyal na Raspberry Pi volt 3.3 suke ɗauka. Haɗa su kai tsaye na iya ƙona allon. Sannan wasu UPS na APC masu bakin DB9 suna da nasu tsarin waya, in ka cusa musu kebul ɗin siriyal na gama-gari suna iya kashe kansu nan take, da duk abin da ke rataye a kansu.

Ya ce kafar tana hannun wani.

`fuser -v /dev/ttyUSB0` ko `lsof /dev/ttyUSB0` zai faɗa maka wace manhaja ce, kuma ta wane ne. Galibi `screen` ɗin wani ne da ya janye ya tafi gida. `who` da `w` za su nuna ko mutumin yana nan da tsawon lokacin da ya yi bai taɓa komai ba. Kira shi kafin ka buga `kill`, don ta yiwu yana tsakiyar loda manhaja. In babu mai riƙe da ita amma ana ci gaba da ƙorafi, duba `/var/lock/` ko akwai tsohon fayil irin `LCK..ttyUSB0`, ka goge.

Akwai kuma masu kutse na cikin gida. ModemManager yakan aika wa sabuwar kafa umarnin AT don ya ga ko modem ce. In ba ka amfani da shi, `systemctl disable --now ModemManager`. A Ubuntu 22.04 manhajar `brltty`, ta na'urorin karatun makafi, ta yi suna wajen ƙwace adaftocin CH340, sai ka ga `ttyUSB0` ta bayyana ta ɓace kan ka ce kwabo.

In rautar Cisco ce ke aikin sabar konsol, `show line` na sa alamar tauraro a layin da ke kame, `clear line 5` ya sake shi.

Yaya ake shiga kafa daga nesa?

Kowace kafar siriyal ana ba ta lambar TCP tata. A tsarin Cisco lambar ita ce 2000 haɗe da lambar layi, layi na 5 ya zama `telnet 10.0.0.2 2005`, ana komawa rautar da Ctrl-Shift-6 sannan `x`, `show sessions` ya jera zaman da ke buɗe, `disconnect 1` ya rufe na farko. Opengear na ba Telnet 2001 zuwa sama, SSH kuma 3001 zuwa sama, don haka `ssh -p 3005 suna@sabar` zai kai ka kafa ta biyar. In ka shiga sabar kanta, `pmshell` na kawo jerin kafofin. Cyclades, wanda Avocent ya saya a 2006, ya saba farawa daga 7001.

Telnet ba ya ɓoye komai, kalmar sirrin babbar rautarka a fili take tafiya. In dole ne a yi amfani da shi, a tsare shi cikin sabar: ka shiga ta SSH, sannan `telnet localhost 2005`.

Abin da ke rikita sababbi shi ne alamar `~`. SSH na amfani da `~.` don yanke zama, haka ma `cu` da `pmshell`. In kana cikin `pmshell` ta SSH ka buga `~.`, SSH ɗinka ne zai fara cafke shi, ya jefo ka waje gaba ɗaya. Buga `~~.` don saƙon ya wuce zuwa na ciki.

ser2net ko conserver?

`ser2net` aikinsa ɗaya: ya ɗauki kafa ya ɗora ta kan lambar TCP. Daga siga ta 4 saitinsa na cikin `/etc/ser2net.yaml`:

```
connection: &rauta1
  accepter: telnet,tcp,localhost,2001
  connector: serialdev,/dev/rauta1,9600n81,local
  enable: on
```

Bayan gyara sai `systemctl restart ser2net`, ka tabbatar da `ss -tlnp` cewa yana saurare.

`conserver` ya fi shi nisa. Yana riƙe da kafofin dare da rana yana rubuta duk abin da na'ura ta furta, ko babu kowa a ciki. Rautar da ta sake tashi da kanta ƙarfe uku na dare, kalamanta na ƙarshe ta konsol suke fita, kuma in babu mai rubutawa sun tafi ke nan. Wannan kaɗai ya isa dalilin zaɓensa a wurin da na'urori suka wuce biyu ko uku. Yana kuma barin mutane da yawa su kalli kafa ɗaya, mutum ɗaya ke rubutu. A `conserver.cf` na'ura ɗaya na kama da haka:

```
console rauta1 { master localhost; type device; device /dev/rauta1; baud 9600; parity none; }
```

Ana shiga da `console rauta1`, ko `console -s rauta1` don kallo zalla. `console -u` na nuna halin kafofi da masu ciki, `console -x` ya nuna gudun kowace. A cikin zama komai na farawa da Ctrl-E sannan `c`: ƙara `.` ka fita, `?` ka ga taimako, `r` ya maimaito layuka 20 na ƙarshe, `w` ya nuna su wa ke tare da kai, `f` ya ƙwace ikon rubutu daga hannun wani.

Mece ce siginar BREAK, yaushe ake aika ta?

Ba harafi ba ce. Riƙe layin ake yi a matsayin sifili fiye da tsawon harafi guda, na'urar ta gane cewa kira ne na musamman. A `screen` Ctrl-A `b`, a `minicom` Ctrl-A `F`, a Telnet Ctrl-] sannan `send brk`, a OpenSSH `~B`, a `pmshell` `~b`, a `conserver` Ctrl-E `c` `l` `0`.

A rautocin Cisco, aika ta cikin daƙiƙa 60 na farkon tashi yana kai ka ROMMON, ƙaramar manhajar tayar da rautar, inda `confreg 0x2142` ke sa rautar ta tashi ba tare da karanta saitinta ba. Haka ake farfaɗo da kalmar sirri, kuma in an gama dole a mayar da lambar `0x2102`, in ba haka ba tashi na gaba rautar za ta zo fanko.

A Linux, BREAK da harafi guda cikin daƙiƙa 5 shi ne SysRq, hanyar ba Linux umarnin gaggawa kai tsaye. Ga sabar da ta sandare: `s` ya zubar da abin da ke ƙwaƙwalwa zuwa faifai, `u` ya mayar da faifai na karatu kawai, `b` ya sake tayar da ita. `sysctl kernel.sysrq` zai nuna abin da aka yarda. 0 na nufin a kashe yake, 176 da Ubuntu ke zuwa da shi ya ƙunshi waɗannan ukun.

Tsofaffin injinan Sun masu SPARC kuwa da sun ji BREAK sai su tsaya cak a alamar `ok`, har sai an buga `go`. Wasu tsofaffin sabobin konsol in an kashe su sukan saki abin da ya yi kama da BREAK, injinan da ke haɗe da su su tsaya gaba ɗaya. Mai irin waɗannan injina ya bincika kafin ya taɓa makunnin sabar.

Ta yaya zan sa sabar Linux ta yi magana ta siriyal?

Matakai uku ne, kuma mutane sukan yi na ƙarshe su manta biyun farko. A `/etc/default/grub`, ƙara `console=tty0 console=ttyS0,115200n8` a layin `GRUB_CMDLINE_LINUX`. Wanda ya zo ƙarshe shi ne babbar konsol, can tambayoyin gaggawa na lokacin tashi za su fito. Sannan a sa GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, shi ma ya yi magana:

```
GRUB_TERMINAL="console serial"
GRUB_SERIAL_COMMAND="serial --unit=0 --speed=115200 --word=8 --parity=no --stop=1"
```

Sai `update-grub` a Debian da Ubuntu, ko `grub2-mkconfig -o /boot/grub2/grub.cfg` a dangin Red Hat. Na uku, `systemctl enable --now serial-getty@ttyS0.service`, wanda ke kawo wurin shiga da suna. Gudu ɗaya za a sa ko'ina, har da na BIOS in yana tura allonsa ta siriyal, in ba haka ba rabin tashin shara za ka gani.

Sabobi masu IPMI, tsarin sarrafa saba daga nesa da ke jikinta, suna da tasu hanyar: `ipmitool -I lanplus -H adireshi -U suna sol activate`, a fita da `~.`. Tana da amfani, sai dai ta netwok take bi.

Rubutu na hawa kan juna, `vi` ya hargitse.

Layin siriyal ba ya sanar da girman tagarka. Faɗa masa da `stty rows 50 cols 132`, ko ka buga `resize` in akwai shi, ka kuma sa `export TERM=vt100`. In allo ya haukace bayan ka buɗe fayil ɗin da ba rubutu ba, `reset` ko `stty sane`. In komai ya daskare haka kawai, wataƙila yatsanka ya taɓa Ctrl-S. Ctrl-Q zai sake shi.

Na manna dogon saiti, wasu layuka sun ɓace.

Na'urar ba ta iya haɗiye shi da saurin da ka zuba ba. Manna kaɗan-kaɗan, ko ka sa jinkiri bayan kowane layi ta Ctrl-A `T` a `minicom`, sannan ka duba saitin da ya zauna layi-layi.

Tura fayil kuma sai in babu makawa. A 9600 kowane harafi na cin bit 10, wato haruffa 960 a daƙiƙa. Fayil mai megabait 30 zai haura awa takwas da rabi, a 115200 kuma wajen minti 45. In XMODEM, tsohuwar hanyar tura fayil ta siriyal, ne kaɗai ya rage maka, ɗaga gudun a ɓangarorin biyu tukuna, ka tura da `sx` na kunshin `lrzsz`, in an gama ka mayar da gudun yadda yake don wanda zai zo bayanka.

In na fita daga kafa, na fita daga na'urar ke nan?

A'a, kuma nan ne haɗarin da aka fi rainawa. Na'urar ba ta san ka tafi ba, waya ce kawai a wurinta. In ka bar rauta a matakin `enable` ko sabar a hannun `root`, duk wanda ya shiga kafar bayanka zai tarar da ita a buɗe, ba tambayar kalmar sirri. Buga `exit` har sai ka ga wurin shiga ya dawo, sannan ka rufe zaman. A Cisco sa `exec-timeout 10 0` ƙarƙashin `line con 0`, a Linux kuma `TMOUT=600` na fitar da wanda ya yi minti goma shiru. Su ma fayilolin da `conserver` ke adanawa suna ɗauke da duk saitin da aka taɓa nunawa a allo, don haka a taƙaita masu karanta su.

Me zan riƙa dubawa a jikin sabar konsol ɗin kanta?

`uptime` don sanin ko ta sake tashi ba da saninka ba, `df -h` don kada bayanan konsol su cika faifai, tare da `logrotate` mai rage tsofaffi. `last` na nuna waɗanda suka shiga, `journalctl -u conserver` ko `-u ser2net` kuma abin da manhajar ta koka da shi. `ip addr` da `ip route` su tabbatar maka ta inda take fita. Duba agogo da `timedatectl`, domin bayanan da lokacinsu ya karkace ba sa haɗuwa da na sauran na'urori in ana binciken abin da ya faru. Ajiye kwafin saiti da `tar czf saiti.tgz /etc`, ka kwashe shi da `scp` zuwa wata kwamfutar. A akwatunan kamfani sau da yawa BusyBox ne a ciki, wato ƙaramin kunshin umarnin Linux, wasu umarnin sun zo a taƙaice, wasu babu su sam.

Sai tambayar da umarni ba ya amsawa: ta wace hanya kake isa sabar? In ta rautar da take son ceto take bi, ranar da rautar ta faɗi tare za su tafi. A ba ta hanyarta daban, ko da modem ce mai layin SIM na wani kamfanin da ba shi ke ba ku intanet ba, a kuma duba cewa datar layin ba ta ƙare ba. In shigarta ta dogara da RADIUS ko LDAP, wato wata saba ta netwok ce ke tantance masu shiga, a bar asusu ɗaya na cikin gida mai kalmar sirri mai ƙarfi. A ɗora ta kan UPS ko inbata, tare da modem ɗin. Duk wata, wani ya shigo ta wannan hanyar ta daban, ya bi kafofin ɗaya bayan ɗaya yana danna Enter, ya tabbatar sunan da ya bayyana a allo shi ne wanda aka rubuta a jikin kebul ɗin da kuma cikin fayil ɗin saiti.